Takarda Biyu a Kan Keken Ɗinki

Ni ba ni da maigida.
Da can abin alfahari ne:
in buɗe shago sadda na so,
in rufe sadda ido ya ce ya isa.
Shekara goma sha tara a Aboabo,
ƙafata ce ke biya na albashi.

Sai bara, saura kwana ashirin Sallah,
yadi ya taru har yana taɓa kwano,
ciki ya murɗe ni kamar wanki.
Aka farke ni a asibiti, aka ɗinke,
ni da nake ɗinka wa mutane.
Ɗinkin ba laifi, na duba.

Katin lafiya ya ɗauki nasa kason.
Bai biya Opanyin Kwarteng kuɗin shago ba,
bai san hanyar makarantar Adiza ba,
bai ji labarin masara ta tashi ba.
Sati bakwai keke na lulluɓe da zane
kamar mamacin da ake jiran danginsa.
Masu kaya suka zo dubiya da lemu a leda,
suka fita da yadinsu a hamata.
Ban ga laifinsu ba.
Sallah ba ta jiran mai jinya.

'Yan adashi sun yi kara,
suka ba ni kwasa kafin layina.
Kwana goma sha ɗaya ta yi.
Sarƙar Memunatu ce ta ƙarasa sauran,
har yau wuyanta na kallona.

Yanzu ga takarda biyu a kan keke.
Pokuaa ce ta kawo, yarinyar inshora,
Hausa a bakinta kamar haihuwar Zango.
Ta ce: Baba, wannan ba ta magani ba ce,
ta ranar da hannu ya kwanta ce.

Ta farko araha, sidi kaɗan a wata,
amma sai ka kwana talatin a shimfiɗe
kafin ta yarda kana ciwo.
Na ce: talatin?
Tukunya ta san talatin?

Ta biyu sati guda take jira,
kuɗinta ya kai ɗinkin riga biyu da wando.
Can ƙasa kuma, inda rubutu ya ƙanƙance
kamar ƙwan ƙwarƙwata,
na ɗauko tabaraun zura allura:
ban da ciwon da ka zo da shi.
Wato cikin nan da aka farke babu shi.
Bayan da ke min tsiya tun ina saurayi fa?
Ta yi shiru. Ta ce za ta tambayo.
Na fi yarda da shirun nan
da duk abin da ta faɗa tun safe.

Suna son shaidar abin da nake samu.
Na miƙa mata littafin awo:
kafaɗa, hannu, tsawo, bashi, bashi.
Ta yi dariya har ta dafa almakashi,
ta ce daga yau in riƙa rubuta abin da ya shigo.

Bayan la'asar na tsare Malam Issaka,
na ce ko wannan gudun ƙaddara ne.
Ya ce: wa ya taɓa tsere mata?
Kai dai tambaye su inda kuɗin ke kwana,
da abin da suke juya shi da shi,
sannan ka ɗaure raƙuminka.
Na ce ba ni da raƙumi, Malam, keke ne.
Ya ce to ɗaure shi.

Ban sa hannu ba tukuna.
Ta farko na ninke ta, na tokare ƙafar tebur,
dama ya daɗe yana rawa.
Ta biyun tana aljihu,
da tambaya uku da na rubuta a bayanta.
Pokuaa za ta dawo Alhamis.

Kafin nan akwai kaftani huɗu,
da wandon makaranta da ya tsage a gwiwa.
Ƙafata na kan feda,
ruwa na shirin sauka a Kumasi,
kuma yau garau nake.
Abin da ke sa mutum mantuwa ke nan.